Yadda mutum zai gane kulawar Allah tun yana cikin tsanani

Da wuya ka sami musulmin da zai buɗe baki ya ce Allah ya manta da shi, amma da yawa daga cikin waɗanda masifa ta daɗe a kansu sukan kwana da wannan tunani ba tare da sun gaya wa kowa ba. Magidancin da rumbunsa ya ƙare tun kafin marka, da matar da mijinta ya tafi cin rani Abijan ko Libiya aka daina jin ɗuriyarsa, da saurayin da ya gama jami'a ya dawo Tawa yana jiran aikin da bai zo ba, dukkansu in an gaishe su za su ce alhamdu lillahi, kuma ba ƙarya suke yi ba, sai dai harshe ne ya riga zuciya. Abin da za a yi bayani a nan shi ne hanyoyin da mutum zai bi ya gane cewa Ubangijinsa yana tare da shi tun wahalar tana kansa, domin bayan ta wuce kowa ma yana iya ganewa.

Farkon aiki shi ne mutum ya gyara ma'aunin da yake auna matsayinsa a wurin Allah. Yawancinmu muna ɗaukar wadata da lafiya alamar yarda, talauci da cuta kuwa alamar fushi. Alƙur'ani ya rushe wannan lissafi a Suratul Fajri, daga aya ta 15 zuwa ta 17, inda ya kawo halin mutumin da in an yalwata masa sai ya ce Ubangijina ya girmama ni, in an ƙuntata masa arziki sai ya ce Ubangijina ya wulaƙanta ni, sannan aka amsa masa da cewa a'a, ba haka ba ne. Yalwar da ƙuncin duka jarrabawa aka kira su. Da Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas ya tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, waɗanne mutane ne suka fi shan jarrabawa, sai ya ce masa annabawa ne, sannan waɗanda suka fi kusa da su a daraja, kamar yadda Tirmizi ya ruwaito. Shi kansa Annabi ya rasa baffansa Abu Ɗalib da matarsa Nana Khadija a shekara ta 10 bayan aiko shi, ya je Ɗa'ifa aka jefe shi har ya yi jini, kuma dukkan ƴaƴansa sun rasu yana raye in ban da Nana Faɗima. Wanda ya san wannan tarihi ba shi da hujjar ɗaukar cutarsa ko karayar arzikinsa shaidar cewa an kore shi daga ƙofar rahama. Gaskiya ne aya ta 30 ta Suratush Shura ta ce abin da ya same mu na masifa yana da alaƙa da abin da hannuwanmu suka aikata, amma ayar ta ƙare da cewa Allah yana yafe da yawa, kuma amfaninta shi ne mutum ya binciki kansa ya yawaita istigfari, ba ya ɗauke ta ya je ya auna maƙwabcinsa da ita ba.

Bayan haka sai mutum ya raba tsakanin abin da ya sani da abin da yake ji. Malamai sun kasa kasancewar Allah tare da bayinsa gida biyu. Akwai wadda ta game kowa, wato saninsa da jinsa da ganinsa, kamar yadda aya ta 7 ta Suratul Mujadala ta ce babu wata ganawa ta mutum uku face shi ne na huɗunsu. Akwai kuma ta musamman, wadda take nufin taimako da kariya da ƙarfafa zuciya, irin wadda aka yi wa masu haƙuri alkawari a aya ta 153 ta Suratul Baƙara, da wadda Annabi ya tunatar da Abubakar a cikin kogon Sauru lokacin hijira a shekarar 622, da ya ce masa kada ka yi baƙin ciki, Allah yana tare da mu. Babu ɗaya daga cikin biyun da aka rataya ta ga jin daɗin zuciya. Mutum yana iya wayar gari zuciyarsa a bushe, addu'a ta yi masa nauyi a baki, alhali babu abin da ya ragu daga kulawar da ake yi masa. Yunwa da rashin barci da zazzaɓi da bashi duk suna dusashe ji, saboda haka ji ba shaidar da za a dogara da ita ba ce a irin wannan lokaci.

Hanya mafi bayyana da na sani ta farfaɗo da wannan sani tana cikin Suratud Duha, surar da yara ƙanana suke haddacewa a makarantar allo tun ba su san abin da take ɗauke da shi ba. Ta sauka ne bayan wahayi ya yi jinkiri, har masu adawa suka fara cewa Ubangijin Muhammadu ya rabu da shi. Abin lura shi ne yadda aka lallashe shi. An ce masa Ubangijinka bai rabu da kai ba, bai kuma ƙi ka ba, sannan ba a kawo masa wata sabuwar hujja daga nesa ba, sai aka mayar da shi ga tarihin rayuwarsa: ashe bai same ka maraya ba ya ba ka mafaka, ya same ka ba ka san hanya ba ya shiryar da kai, ya same ka mabuƙaci ya wadata ka? Wannan aiki ne da kowa zai iya yi wa kansa. Mutum ya zauna bayan sallar asuba kafin hayaniyar gari ta tashi, ya bi rayuwarsa daga ƙuruciya, ya tsaya a kan kowane lokaci da ya taɓa cewa wannan karon ba mafita, ya tambayi kansa yadda aka yi ya fita. Kada ya wadatu da cewa Allah ya yi mini ni'ima mai yawa, domin magana a dunƙule ba ta ratsa zuciyar da ke cikin ƙunci. Ya ambaci abin da sunansa, da shekarar, da mutumin da aka turo masa, da ƙofar da ta buɗe bayan ya gama yanke ƙauna daga wadda yake ƙwanƙwasawa.

Wanda shekarunsa ba su kai ya tara irin wannan tarihi ba, sai ya ari na manyansa. A ƙasar Adar har yanzu akwai tsofaffin da suka ga farin 1973 da 1974, da yunwar 1984 wadda mutane suke kira El-Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Janar Buhari ta yi, akwai kuma masu matsakaitan shekaru da suka ga ƙarancin abinci na 2005. Yana da kyau saurayi ya sami kakarsa ya ce mata: “Kaka, yaya kuka yi a shekarar da hatsi ya ƙare?” Za ta ba shi labarin yadda ake jiƙa ƴaƴan anza kwana da kwanaki ana sauya ruwa har ɗacin ya fita kafin a dafa, da yadda garken shanu ya ƙare a gaban idon mai shi, da waɗanda aka binne. Ba za ta ɓoye masa asarar ba, kuma bai kamata ta ɓoye ba. Amma a cikin labarin zai ji wanda ya raba tiyar hatsinsa biyu ya aiko musu, zai kuma ga cewa shi kansa da yake zaune yana sauraro yana cikin abin da ya tsira.

Duba baya ya fi sauƙi a kan duba yau, domin kulawar Allah a yau ba kasafai take zuwa da kamannin da aka roƙe ta ba. Mutum yana jiran a ɗauke masa cutar gaba ɗaya, sai a aiko masa da wanda zai taya shi ɗaukarta, shi kuwa bai lissafa wannan a cikin amsa ba. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a asibiti ya ga irin haka. Mace ce ta taho daga wani ƙauye na wajen Buza da jikanta mai zazzaɓi, ƴan jikkunan da ta ƙulle a bakin zane sun ƙare a takardar magani ta farko, ba ta san kowa a Tawa ba, tana zaune a kan tabarma a bakin ɗakin marasa lafiya ta zabga tagumi. Sai wata yarinya da ke jinyar mahaifiyarta a gadon kusa ta dama hura a kwano ta miƙo mata, ta ce: “Inna, ki sha ko kaɗan ne, tun jiya ban ga kin sa komai a baki ba.” Ta karɓa ta ce: “Allah ya yi miki albarka, ɗiyata.” Da dare kuma wani ya ara mata waya ta kira gida. Idan aka tambayi wannan baiwar Allah ko an amsa addu'arta za ta iya cewa tukuna, tunda yaron yana kwance, alhali tun safe ake amsa mata ta hannun mutanen da ba ta taɓa gani ba. Muslim ya ruwaito hadisin da Allah zai ce wa bawa ranar alƙiyama: na yi rashin lafiya ba ka gaishe ni ba, har ya bayyana masa cewa bawana wane ya yi rashin lafiya, da ka je gaishe shi da ka same ni a wurinsa. Yawanci ana karanta wannan hadisi don a zaburar da masu lafiya, amma majinyaci ya fi kowa buƙatar jin sa, tunda shi ne aka ce ana samun Allah a wurinsa.

Saboda haka yana da amfani mai wahala ya saba wa kansa da wani ɗan bincike kafin ya kwanta: wa ya leƙo shi yau, me ya ci kuma ta wace hanya ya zo, wane abu ne ya ji tsoron faruwarsa bai faru ba, me ya rage masa wanda masifar ba ta taɓa ba. Annabi ya ce wanda ya wayi gari cikin aminci a gidansa, da lafiya a jikinsa, da abincin yininsa, kamar an tattara masa duniya ne. Ba lalle ne mutum ya sami ukun a cike ba, amma da wuya a rasa ɗaya. A nan ne kuma ya kamata a ja kunnen masu yawan kunya da masu girman kai, domin akwai wanda zai kwana yana roƙon Allah mafita, gari ya waye ɗan'uwansa ya zo da taimako, ya ce a'a, lafiya lau muke. Kame kai daga roƙo hali ne mai kyau, amma mayar da alherin da ya zo ba tare da an roƙa ba wani abu ne daban.

Game da ibada, shawarar ita ce a riƙe farilla ko da ba a jin zaƙinta, kada kuma a ɗora wa kai nafilfilin da ba za a iya ɗorewa a kansu ba. Manomin Adar yakan yi binne, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun babu hadari a sama, kuma ba wanda yake ce masa mahaukaci. Sallar mai baƙin ciki ma haka take. Shari'a ta sauƙaƙa ta yadda ba mai uzurin yanke wannan igiya, tunda Annabi ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, in bai iya ba a zaune, in bai iya ba a kishingiɗe. Wanda damuwa ta hana shi barci kuwa, maimakon ya yi ta juyi a shimfiɗa ko ya ƙura wa waya ido, gara ya yi alwala ya yi ko raka'a biyu, domin sulusin dare na ƙarshe lokaci ne da hadisi ingantacce ya ce Allah yana kiran mai roƙo ya roƙa a ba shi.

Addu'o'in da suka zo a kan wannan hali ba su da tsawo. Akwai ta Annabi Yunusa a cikin kifi, “La ilaha illa anta subhanaka inni kuntu minaz zalimin”, wadda take aya ta 87 ta Suratul Anbiya. Akwai wadda Ummu Salama ta karanta da mijinta Abu Salama ya rasu, bayan “Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un”, wato “Allahumma'jurni fi musibati wa akhlif li khairan minha”, tana roƙon lada a kan masifarta da mayen da ya fi abin da ta rasa. Ita da kanta ta ce ta yi tunanin wa zai fi Abu Salama, sai ga shi Annabi ya aure ta. Bayan waɗannan, mutum ya yi wa Ubangijinsa magana da Hausarsa, ya faɗi abin da ke cin sa ba tare da ado ba. Wasu suna zaton haƙuri yana nufin a danne komai har hawaye, wannan kuwa ba koyarwar annabawa ba ce. Annabi Yaƙuba ya yi baƙin cikin rabuwa da Yusufu har idanunsa suka yi fari, ya ce ni ga Allah kaɗai nake kai kukana da baƙin cikina. Annabi Muhammadu ya zubar da hawaye a kan ɗansa Ibrahim, ya ce ido yana hawaye, zuciya tana baƙin ciki, amma ba ma faɗar sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yaga tufafi da maganganun da ke tuhumar hukuncin Allah. Idan amsa ta yi jinkiri, a tuna da hadisin da Ahmad ya ruwaito, cewa addu'ar da babu zunubi ko yanke zumunci a cikinta ba ta rasa ɗayan uku: a gaggauta biyan buƙatar, ko a ajiye wa mai ita a lahira, ko a kawar masa da wani sharri gwargwadonta.

Akwai kuskuren da masu wa'azi da masu ba da haƙuri suke yawan yi, wato su matsa sai sun nuna wa mutum hikimar abin da ya same shi. A ganina wannan ya wuce iyakar saninmu. Masu karanta Suratul Kahfi ranar Juma'a sun san labarin jirgin da Halliru ya huda, da yaron da ya kashe, da bangon da ya tayar. An bayyana wa Annabi Musa dalilan a ƙarshen tafiyar, amma surar ba ta ce an je an bayyana wa masu jirgin ko iyayen yaron ba. Mai yiwuwa ne mutum ya rayu ya mutu bai san abin da aka kare shi daga gare shi ba. Don haka wanda ya nemi hikimar masifarsa bai gano ta ba kada ya ɗauka imaninsa ne ya yi rauni. Abin da aka nema daga gare shi shi ne ya kyautata zato ga Ubangijinsa, ba ya warware asirin ƙaddara ba.

Kyautata zato kuma ba zaman jira ba ne. Nana Maryamu tana cikin naƙuda, har ta yi burin da ma ta mutu kafin wannan rana, amma sai aka ce ta girgiza kututturen dabino kafin ƴaƴan su zubo mata. Mutanen Keita sun nuna irin wannan bayan farin 1984, lokacin da aka fara babban aikin farfaɗo da ƙasa a yankinsu, inda mata suka ɗauki kaso mai yawa na aikin jera duwatsu da dashen itatuwa saboda maza sun tafi cin rani, haka kuma manoman wajen Illela da Badagishiri suka mayar da fako gona da tassa, wato ƙananan ramukan shuka masu tare ruwan sama. Marar lafiya ya je likita, domin Annabi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da ya saukar da maganinta. Wanda baƙin ciki ya kai shi ga daina cin abinci da barci na makonni, ko ya fara tunanin kashe kansa, shi ma ciwo ne yake damunsa, a kai shi wurin likita tare da yi masa addu'a, kada a tsaya ana ce masa ƙarancin tawakkali ne. A kuma yi hattara da masu cin kasuwa da wahalar mutane, waɗanda za su ce an yi maka sammu, su ambaci sunan kishiya ko ɗan'uba, su karɓi akuya da kuɗi. Mutum yakan fito daga wurinsu da masifarsa yadda take, ga kuma gaba da danginsa.

Suratud Duha ba ta tsaya a kan lallashi ba, ta rufe da umarnin kada a danne maraya, kada a kyari mai tambaya, a kuma ba da labarin ni'imar Ubangiji. Wannan ya shafi mai wahalar da kansa, domin taimakon wanda ya fi shi rauni yana rage masa ganin cewa shi kaɗai aka ware, ya kuma shafi waɗanda ke kewaye da shi. Da labarin shahadar Ja'afaru ɗan Abi Ɗalib ya zo daga yaƙin Mu'uta a shekara ta 8 bayan hijira, Annabi ya ce a dafa wa iyalan Ja'afaru abinci, domin abin da ya shagaltar da su ya zo musu. Mu kuwa a yau sau da yawa gidan mutuwar ne yake ɗora tukunya don masu zaman makoki, wani lokaci har da cin bashi. Mai son ya zama hanyar da ɗan'uwansa zai ga kulawar Allah ya juya wannan al'ada a gidansa: ya zo gaisuwa da abincinsa ko da tiyar shinkafa, ya taƙaita zama, ya ce “Allah ya jiƙansa, Allah ya ba ku haƙuri” ya bar dogon sharhi. Ya kuma sa a ransa cewa kwanakin farko gida cike yake da jama'a, kaɗaicin yana farawa ne bayan an watse, alhali matar mamacin tana da takabar wata huɗu da kwana goma a gabanta. A cikin waɗannan watanni ne ya dace mata ƴan'uwa da maƙwabta su riƙa leƙa ta, maza kuma su aika a tambayo ko akwai hatsi a gidan, ko an biya kuɗin haya da na makarantar yara, da kuma wanda zai nome gonar marigayin idan damina ta faɗi.